Tarihin Labarin Zane a Ƙasar Hausa da Matsayin Harshe a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Akwai wani nau'in adabi da yaran Arewacin Nijeriya suka daɗe suna karantawa, suna musayarsa a ƙarƙashin teburin aji, suna kuma kwaikwayonsa a bayan littafin lissafi, amma da wuya a ga an ware masa ko da shafi guda a cikin littattafan tarihin rubuce-rubucen Hausa. Wannan kuwa shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jera zane-zane gida-gida, inda maganar kowane tauraro take fitowa daga bakinsa a cikin wata 'yar ƙawanya. Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda wannan nau'i ya shigo hannun yaran ƙasar Hausa tun daga shekarun 1930 zuwa yau, tare da neman dalilin da ya sa yaron da ya taso da sha'awar zane bai samu tsanin da zai taka ya zama mai zanen labari da harshen Hausa ba. Za a nuna cewa dalilin yana ƙunshe ne a cikin tarihin ɗab'in Hausa kansa, kuma asarar da aka yi ta shafi nazarin harshe fiye da yadda ake zato.

Tun daga suna ma akwai magana. Bahaushe ya ari kalmar katun, amma yana amfani da ita ga zane mai motsi na talabijin da kuma wanda ke kan takarda baki ɗaya. 'Yan jarida kan ce zanen barkwanci, wanda ya dace da zane guda mai zambo ko habaici irin na shafin ra'ayi, sai dai bai dace da dogon labarin jarunta da babu abin dariya a cikinsa ba. A wannan takarda za a yi amfani da zanen barkwanci ga na farkon, labarin zane ga na biyun, sa'annan a kira kowane yanki na shafi gida, kamar yadda ake cewa gidan dara.

2.0 Zane Kafin Zuwan Ɗab'i

Bahaushe ba baƙon zane ba ne. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani akan yi wa allonsa zayyana da tawada mai launi-launi. Maɗinka suna da aska biyu da aska takwas a gaban riga, magina suna da dagi da sauran adon da ake yi wa fuskar soro, musamman a Zariya da Kano, ga kuma masu sassaƙar ƙwarya da dukawa. Abin lura shi ne duk waɗannan zane-zane na ado ne, ba sa ɗauke da mutum, ba sa kuma ba da labari. Labari aikin baki ne: tatsuniya da dare, almara, waƙar fada da ta maza, wasan 'yan kama da na 'yan gambara.

Sau da yawa idan aka tambayi dalilin ƙarancin labarin zane da Hausa, amsar da take fara zuwa ita ce addini, wato hanin da malamai suka yi game da suranta abu mai rai. Ba shakka wannan ya yi tasiri, kuma yara da dama sun sha faɗa a gida saboda an kama su suna zana mutum. To amma amsar ba ta gamsarwa ita kaɗai. A kasuwannin Kano da Katsina da Sakkwato an daɗe ana sayar da hotunan zane na Shehu Abdulƙadir Jilani da Shehu Ahmadu Tijjani da na Buraƙa, mutane suna saye suna liƙawa a ɗakunansu. An karɓi hoton jarida, an karɓi majigi, an karɓi fina-finan Indiya da manyan hotunan tallarsu. Al'ummar da ta karɓi waɗannan duka, da an kawo mata Gizo da Ƙoƙi a kan takarda, da wuya ta ce a mayar.

3.0 Zamanin Gaskiya

Rubutaccen ƙagaggen labari na boko ya samo asali ne daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Dokta Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, sa'annan a farkon shekarun 1950 Hukumar NORLA ta zo domin samar da abin karantawa ga ɗaliban Yaƙi da Jahilci, ta yi aiki har zuwa 1959. A wannan zamani ne larduna suka samu jaridunsu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya, da sauransu.

Zane ya shiga waɗannan littattafai tun da wuri. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce yana iya tuna hotunan da ke cikinta, haka nan littattafan koyon karatu da na tsabta da na noma. Sai dai matsayin hoton a nan matsayin bara ne: rubutu shi ke ɗauke da labari, hoto kuwa yana tsaye a gefe yana nuni. Dalili kuwa shi ne ɗab'in Hausa na wancan lokaci aikin hukuma ne, kuɗinsa na hukuma, manufarsa kuma karantarwa. Mai zane ma'aikaci ne da ake miƙa wa rubutu a ce ya yi masa hoto.

Idan aka waiwayi Kudu za a ga bambanci. Jaridar West African Pilot, wadda Nnamdi Azikiwe ya kafa a Ikko a 1937, ta ɗan kasuwa ce kuma ta ɗan adawa. Daga tsakiyar shekarun 1940 ta ba Akinola Lasekan fili, yana sa hannu da sunan Lash, yana yi wa Turawan mulki da abokan hamayyar jam'iyyar NCNC zambo da alƙalami. Daga nan aka gane cewa zane na iya sayar da jarida, kuma mai zane na iya yin suna kamar marubuci. Wannan ita ce hanyar da Josy Ajiboye da Dele Jegede da Kenny Adamson suka biyo daga baya a jaridun Daily Times da Punch. Jaridar da gwamnati ke biyan albashin ma'aikatanta, a ƙasar da Sarki da Razdan ke karanta kowane shafi, ba wurin da za a reni irin wannan sana'a ba ne. Zambo da habaici kuwa suna nan da ransu a Arewa, amma a bakin mawaƙan NEPU da NPC suka zauna.

Wani abin mamaki shi ne a garin na Zariya, tazarar 'yan mil kaɗan daga maɗaba'ar Gaskiya, aka kafa makarantar koyon zane da ta fi kowace tasiri a tarihin Nijeriya. A 1955 sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya ya dawo Zariya daga Ibadan, kuma a 1958 ɗalibansa irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar nan da ta yi kira da a koma ga al'adun gida wajen zane. Ga maɗaba'a, ga gwanayen zane, ga labarai irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Da'u Fataken Dare na Tanko Zango waɗanda kamar don a zana su aka rubuta su. Amma akasarin ɗaliban daga Kudu suka zo, can suka koma, kuma burinsu zanen da za a rataya a zauren baje koli ne. Ruwa biyu suka gudana kusa da juna ba su haɗu ba.

4.0 Abin da Yaran Suka Karanta

Yaron da ya shiga makarantar boko tsakanin samun mulkin kai da tsakiyar shekarun 1980, musamman wanda ya zauna a Kaduna ko Jos ko Sabon Garin Kano da na Zariya, ya ci karo da labarin zane ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce mujallun Birtaniya irin su Beano da Dandy da Commando, da na Amurka masu ɗauke da Superman da Batman da Spider-Man, waɗanda akan samu a kantunan littattafai ko a hannun masu sayar da tsofaffin mujallu. A ƙetaren iyaka kuwa, yaran Maraɗi da Damagaram sun san Tintin da Asterix da mujallar Kouakou, wadda aka fara bugawa a Faransa a 1966 domin yaran ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci.

Hanya ta biyu ita ce mujallar African Film ta kamfanin Drum, wadda ta yi tashe daga 1968 zuwa 1972. Ita da hotunan kyamara aka yi ta, aka jera su gida-gida, aka sa wa mutane ƙawanyar magana. Tauraronta Lance Spearman baƙar fata ne mai hula da sigari da bindiga, kuma shi ne jarumin Afirka na farko da yara da yawa suka gani a irin wannan shafi. Da Turanci yake magana. A nan ya kamata a lura da abin da Yarabawa suka yi da wannan salo: daga 1967 har zuwa 1991 sun riƙa buga mujallar Atoka da harshensu, suna ɗaukar hotunan wasannin ƙungiyoyin su Duro Ladipo da Oyin Adejobi suna mayar da su labari a takarda. Shekara ashirin da huɗu ke nan yaron Bayarabe yana ganin harshensa a cikin ƙawanyar magana.

Hanya ta uku ita ce Ikebe Super, wadda Wale Adenuga ya fara bugawa a Ikko a 1976, ta zo da Papa Ajasco da iyalinsa, cikin Turanci da buroka. Darasin da ke cikin tarihin Papa Ajasco shi ne a takarda aka haife shi, ya girma a can, kafin ya koma talabijin a shekarun 1990. Takwarorinsa na Hausa kuwa, wato Samanja na Usman Baba Pategi da Karkuzu, daga baya kuma Ibro na Rabilu Musa, a rediyo da talabijin da bidiyo aka haife su, ba su bi ta hannun mai zane ba. Samanja da gashin bakinsa da kakinsa da Hausarsa ta bariki, ai shiryayyen tauraron labarin zane ne, illa dai babu mujallar da za ta ɗauke shi.

Fitaccen abin da ya fito da Hausa a wannan fage shi ne Sauna Jac, wanda yaran shekarun 1980 ba su manta da shi ba. Kamfanin Hudahuda na Zariya ne ya fitar da shi, mai shi kuma yana sa hannu da sunan Dan Fulani. Wannan suna na John Hare ne, Baturen Ingila da ya yi aikin Di'o a Jihar Arewa a ƙarshen mulkin mallaka, wanda kuma ya rubuta labaran Sauna da Turanci, irin su Sauna and the Drug Pedlars. Karɓuwar da Sauna ya samu hujja ce babba a kan cewa masu karatu suna nan, kuma iyaye ba su hana ba. Amma ya zo a ƙurarren lokaci. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara masu iya haɗa baƙi, shekara goma bayan haka shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku suka shiga halin ni-'yasu, manyan kamfanonin ɗab'i suka taƙaita ga littattafan da ke cikin manhaja. Shafin zane ya fi shafin rubutu tsada ta kowace fuska, saboda haka shi aka fara yankewa.

5.0 Adabin Kasuwar Kano

Giɓin da kamfanoni suka bari, matasa ne suka cike shi da kansu. Daga Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a 1984, zuwa littattafan Balaraba Ramat Yakubu, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, ɗab'in Hausa ya fita daga hannun hukuma ya koma kasuwa. Wannan shi ne lokacin da mai zane Bahaushe ya fara cin abinci da hannunsa a harkar littafi, domin kowane littafi yana bukatar bango mai jan ido: budurwa da gyale, saurayi da mota, ko kuma barde da takobi yana fuskantar dodo a littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Amma a bangon ya tsaya. Marubucin da ya ci bashi ya buga littafi a takarda mai araha ba shi da halin biyan mai zane kuɗin shafi hamsin. Kafin a kai ga tunanin haka ma, Turmin Danya ya fito a 1990, bidiyo ya janye marubutan da masu karatun da kuɗin, daga baya kwamfuta ta zo aka riƙa ɗora hotunan 'yan fim a bango, ƙaramar sana'ar ma ta ja baya.

6.0 Masaka da Batun Harshe

Domin a ga inda aka kwana, yana da kyau a dubi gari irin Masaka. Garin yana kan hanyar Abuja zuwa Keffi, a Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, ko da yake ta fuskar rayuwa unguwa ce ta Abuja, tun da dubban mazaunansa can suke wuni su dawo kwana. Asalin yankin na Gbagyi ne. Ƙaurar gwamnatin tarayya daga Ikko a watan Disamba na 1991, da rushe-rushen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, su suka tara jama'a daga kowane sashe a Mararaba da Ado da Masaka. A kasuwa da tasha da wajen 'yan acaɓa, Hausa da buroka ne ke haɗa Bagwari da Eggon da Mada da Tibi da Ibo da Bakano. A aji kuwa Turanci ne.

Yaron da ya taso a nan yana son zane ya fi na shekarun 1970 samun abin kallo nesa ba kusa ba. Ya ga Supa Strikas, ya ga zanen Japan a talabijin da waya, yana iya karanta ayyukan kamfanin Comic Republic na Ikko, wanda Jide Martin ya kafa a 2013, a intanet. Yana da wanda zai yi koyi da shi kusa da gida, domin zanen barkwancin Mustapha Bulama a jaridar Daily Trust ta Abuja ya nuna cewa ɗan Arewa na iya yin suna da wannan sana'a. Har tarihin ƙasar Hausa ya shiga fagen: a 2017 Roye Okupe ya fitar da Malika, labarin wata sarauniya mayaƙiya a daular da ya kira Azzaz, wadda ya gina a kan Sarauniya Amina ta Zazzau. Duk waɗannan da Turanci suke. Sakamakon haka shi ne yaron da ya yini yana wasa da faɗa da ciniki da Hausa, idan ya zana mutum ya faɗo daga bisa, kalmar Turanci yake rubutawa a gefensa, alhali da bakinsa tim zai ce.

A nan ne batun ya shafi masana harshe kai tsaye. Labarin zane shi ne nau'in rubutun da ya fi kowane dogara ga amsa-kama, kuma Hausa tana da arzikinsu ƙwarai, kamar yadda Galadanci ya nuna tun 1971, Newman kuma ya faɗaɗa a nahawunsa na 2000. Wasunsu na sauti ne: tim, tsundum, ƙwas, rugum. Amma da yawa motsi ko hali suke kamantawa, irin su wuf da zumbur da firgigit da cak da ƙiƙam da jugum da tsuru-tsuru da buguzum-buguzum. Turanci ba shi da abin da zai rubuta a kan mutumin da ya yi tagumi bai ce komai ba, Hausa kuwa tana da jugum. Ta wannan fuska ta fi kusa da Japananci, wanda masu zanensa ke da kalmar da suke rubuta wa shiru kansa. A zube, marubuci kan ɗaure amsa-kama a cikin jumla, wasu editoci ma kan soke ta a matsayin maganar yara. A gidan zane kuwa ita kaɗai take tsayawa, da manyan baƙaƙe, girmanta da karkatarta suna yin aikin da karin sauti da jan wasali ke yi a baki, abin da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nunawa.

Haka nan kalmomin motsin rai. Kash da wayyo da tir da yawwa sun samu zama a rubuce, amma tsaki, wanda babu ranar da Bahaushe ba ya yinsa, har yanzu kowane marubuci da yadda yake rubuta shi. Irin wannan ba taron ƙa'idojin rubutu ne ke daidaita shi ba, yawan gani a shafi ne, kamar yadda mujallun yara suka daidaita wa Turanci da Faransanci nasu. Wani ƙarin alheri da aka rasa shi ne na baƙaƙe masu lanƙwasa. Tun da aka karɓi ɓ da ɗ da ƙ a ƙarshen shekarun 1930 suke ba maɗaba'u da masu keken rubutu wahala, har littattafan kasuwa da yawa suka yi watsi da su. Mai zane da hannu yake rubuta maganar cikin ƙawanya, lanƙwasa ba ta ƙara masa ko kwabo.

Sai kuma batun wace Hausa. Ƙawanyar magana ba ta jure dogon zance irin na littafi, abin da mutum ya faɗa take ɗauka, yadda ya faɗe shi. Hausar da ake ji a tashar Masaka ba ta Kano ba ce: a bakin masu ita a matsayin harshe na biyu bambancin jinsi kan ɓace, a ce wa mace ya zo, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, buroka ta shigo tsakiyar jumla. Mai zanen da zai ba da labarin wannan tasha dole ne ya sa Basakkwacen mai shayi ya yi Sakkwatanci, direba Bakano ya yi Kananci, mai sayar da doya ta yi tata Hausar, mai ba da labari kuma ya riƙe daidaitacciya a saman gida. Wasan Samanja ya yi irin wannan a baki shekaru da dama, amma muryar rediyo ba ta tilasta wa kowa ya yanke shawarar yadda za a rubuta ta. Shafin zane yana tilastawa, kuma duk shawarar da mai zane ya yanke, ko ya rubuta ƙ a bakin mai doyar ko ya bar ta k, ta zama shaidar da mai nazarin karin harshe zai iya ɗauka ya auna bayan shekara hamsin. Irin wannan shaida Yarabanci yana da ita a cikin kundayen Atoka, buroka tana da ita a cikin Ikebe Super, Hausar garuruwan da suka kewaye Abuja kuwa, wadda ake yi tun 1991, kusan duk a iska take.